Filin Mata: Babban Batir Ba Ya Ƙona Kwamfuta, Amma Fa A Duba

Niyyata a wannan mako ita ce mu yi zancen ajiyar albasa kafin zafi ya kama, sai ga wata takarda ta zo mini daga Wara, cikin ƙasar Ngaski. Da na karanta ta sai na ga lalle ba ta jira, domin kuɗin baiwar Allah na hannu, ranar kasuwa kuma ta matso. Albasa ta yi haƙuri.

Mai takardar uwargida ce, sana'arta bandar kifi. Ta ce bara ta kwashi adashi, ta haɗa da kuɗin tunkiyarta, ta saya wa 'yarta kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, irin wadda yara ke kira laftof. Yarinyar tana shekarar ƙarshe a makaranta, an ɗora mata rubutun bincike, kuma da dare ta kan buga wa 'yan ajinsu takardu su biya ta, da haka ta ke samun na sabulu. To, yanzu batirin ya gaji. Da an ɗauke wuta, kafin a tafasa ruwan shayi kwamfuta ta mutu, wani lokaci har da aikin da ba a adana ba. Mai gyara ya ce yana da batir iri biyu, akwai daidai da na ciki, akwai kuma babba mai daɗewa, amma ya fi tsada. Ƙanen mijinta kuwa ya rantse babban batir ƙone kwamfuta ya ke yi. Shi ne ta ce in raba gardama.

Uwargida, na gode da wannan tambaya, don kuwa ba ke kaɗai ta shafa ba. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma kan kwamfuta ɗungum, saboda haka duk mai 'ya a makaranta, ko ba yau ba, wata rana sai wannan magana ta shigo ɗakinta. Kuma mu mutanen bakin ruwa ta fi damunmu. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya taso ya cinye gungu da fadamu, aka ta da mutane wajen 44,000 daga garuruwansu, cikinsu har da iyayenmu Gungawa. Injuna 8 aka kafa a wurin don su ba da megawat 760. Wutar nan ta kan hau babban layi ta tafi birane masu nisa, mu kuwa da ke kallon ruwan safe da yamma, kowacce ta san yadda a ke kawo ta a kuma ɗauke. Wadda ta ke zaune a inda famfo ba shi da tabbas, ai ba a gaya mata amfanin randa. Batir randar wuta ne, ba wani abu ba.

To, bari mu fara da maganar ƙanen miji. Ki gaishe shi, ki ce masa na ce bai yi daidai ba, ko da ya ke akwai inda tsoronsa ya ke da tushe, za mu zo wurin. Ki ɗauki moɗa ki ɗebi ruwa a tulu, sa'an nan ki ɗeba a babbar randa. Moɗar ta fashe don randa babba ce? Cikinta kawai ta ke ɗauka. Haka kwamfuta ta ke. Ita ke jan wutar da ta ke bukata daga batir, ba batir ke ɗura mata ba. In ya zama babba, abin da zai faru shi ne za ta daɗe tana ɗiba bai ƙare ba. Girma kaɗai bai taɓa ƙona kwamfuta ba.

Abin da ke ƙonawa dabam ne, kuma a rubuce ya ke a jikin batirin. Ki sa yarinyar ta kashe kwamfutar, ta kifa ta, ta zare batirin, ku zauna ku karanta tare. Za ku ga lambobi uku, kowacce da haruffan da ke bin ta.

Ta fari ita ce mai harafin V, watau bolt. Wannan ƙarfin turin wutar ne. Ku tuna bambancin ruwan da ke tsiyayowa daga buta da wanda ke fitowa daga bakin injin ban-ruwa na masu albasa. Dukansu ruwa ne, amma in kika tara wa na injin ƙoƙo sai ya fizge shi. Kowace kwamfuta da irin turin da aka ƙera ta a kai. Yawancin tsofaffin da ke hannun yaranmu za ku ga an rubuta 10.8V ko 11.1V, waɗannan biyun gida ɗaya ne, ana iya musanya su. Waɗansu kuma 14.4V ko 14.8V, su ma gida ɗaya ne. Amma kada a tsallaka daga wannan gida zuwa wancan, sai fa in kamfanin da ya ƙera kwamfutar shi da kansa ya rubuta cewa tana karɓar duka biyun. Wannan lamba ita ce ba a wasa da ita. In mai kanti ya ce miki, "Hajiya, ai duk ɗaya ne, zai shiga," ki ce masa shiga dabam, dacewa dabam.

Ta biyu ita ce mai mAh, ita ce kuwa masu kanti suka fi son nunawa, don lambarta tana da yawa, tana cika ido: 4400, 5200, 6600. Ta uku mai Wh, ƙarama ce, sau da yawa a can gefe, amma ita ce mudun gaskiya, domin ita ke faɗin ainihin yawan wutar da randar ke ɗauka. In ba a rubuta ta ba, lissafinta ba wuya. A ɗauki lambar V a ninka da ta mAh, a raba da 1,000. Batir mai 11.1V da 4400mAh ya ba da wajen 49. Mai 11.1V da 6600mAh ya ba da wajen 73. Watau na biyun ya ɗara na farin da rabi.

Ga dalilin da ya sa na ce kada mAh ta ruɗe ku. Ɗan akwatin cajin waya da a ke kira fawa-banki, za ku ga an rubuta masa 20,000mAh, sai mutum ya ce lalle wannan ya ninka batirin kwamfuta sau uku. Ina! Turinsa 3.7V ne kawai. In kuka yi lissafin nan sai ku sami 74, kusan daidai da batirin kwamfuta mai 6600. Mudu biyu ne dabam dabam, wanda ya auna gero da na Yelwa ya sayar da na wani gari ai sai an yi rigima.

Sa'o'i nawa ke nan? A ce kwamfutar tana cin wat 15 in ana buga takarda kawai, ba kallon fim ba. Mai 49 zai kai ta sa'a uku da 'yan mintoci, mai 73 kuwa ya kusa sa'a biyar. Ga yarinyar da ke aiki daga bayan isha'i, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Yanzu bari in buɗe muku cikin batirin, ba da wuƙa ba, da baki. Irin wanda a ke zarewa daga baya, dogo kamar sandar rake, a cikinsa akwai 'yan ƙwayoyi masu kama da batirin tocila, kowace kaurinta milimita 18, tsawonta 65. Kowace ƙwaya tana ba da 3.6V ko 3.7V. A kan jera uku, kan wannan a gindin wancan, turinsu ya haɗu ya zama 11.1V. Sa'an nan a kawo wani jeri na uku a ajiye a gefensa don ruwan randa ya ƙaru, shi ne batir mai ƙwaya 6, wanda ya fi yawa a gari. In aka ƙara jeri na uku ya zama mai ƙwaya 9, shi ne babban da mai gyara ke nufi in mai gaskiya ne. Turinsu ɗaya, ɗaki kawai aka ƙara. Don haka za ku ga mai ƙwaya 9 yana da ƙusumbi, ya kan turo ta baya ko ta ƙasa, ya ɗaga gindin kwamfutar. Ba aibi ba ne, har ma iska ta fi shiga. Sai dai ya fi nauyi, kuma wata jakar ba ta rufuwa da shi.

Wannan bayani da na yi, ba don in nuna sani na yi shi ba. Da shi za ki kama maƙaryaci. Ƙwayar nan, mafi kyawunta da manyan kamfanoni ke yi ba ta wuce kamar 3,500mAh ba. Batir mai ƙwaya 6 jeri biyu gare shi, saboda haka ko an yi shi da mafi tsadar ƙwaya a duniya, iyakarsa wajen 7,000. To, in aka miƙo miki batir siriri, daidai girman tsohon, ba ƙusumbi, aka rubuta masa 10,000 ko fiye, ki ajiye shi a hankali ki yi sallama. Takarda ba ta ƙin tawada.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami, shi ya sa na ke da zafi a kai. Shekarun baya na aiki wani yaro birni ya sayo wa kwamfutar da na ke rubuta muku wannan fili batir. Ya dawo yana murna, wai ya samo mai lamba babba kuma da araha. Da na ɗauka na ji shi sakayau, bai kai tsohon nauyi ba. Zuciyata ta ba ni, amma na ce kai, ƙila sabon yayi ne. Mako na fari ya yi sa'a biyu. Kafin wata uku sai ya nuna saura rabi, in juya in ɗauko ruwa, in tarar allo ya yi baƙi. Da aka fasa shi daga baya, ashe tsofaffin ƙwayoyi ne aka tsinto daga matattun batura, kowace da launinta, aka sa musu sabuwar riga. Araha ba ta ado. Ƙwaya ta gari nauyinta wajen giram 45 zuwa 50 ne, saboda haka batirin da ya fi wani yawan wuta ba shi yiwuwa ya fi shi rashin nauyi ƙwarai. Mu da muka saba ɗaga kifi mu faɗi kuɗinsa tun ba a auna ba, hannunmu ya isa wannan aiki. Ki riƙe tsohon a dama, sabon a hagu.

Nan ne kuma tsoron ƙanen mijinki ya ke da tushe. Abin da ke cikin ƙwayoyin nan wani sinadari ne da a ke kira litiyom, mai riƙe wuta da yawa a ƙaramin wuri, amma ba ya yafe ganganci. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fito da irin wannan batir kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba mutum uku da suka yi aikin gano shi kyautar Nobel. Duk da haka a 2006 kamfanin Dell ya nemi a mayar masa da batura fiye da miliyan 4, waɗanda Sony ɗin ya yi ƙwayoyinsu, saboda an sami waɗansu suna kama wuta. Ɗan ɓurɓushin ƙarfe ne ya shiga cikin ƙwayoyin tun a ma'aikata. To, in manya masu injunan gwaji sun yi tuntuɓe haka, ina ga wanda ya haɗa nasa a bayan kanti? A cikin batir na gari akwai wani ɗan allo mai tsaro, shi ke yanke caji in ya cika, ya yanke in zafi ya yi yawa. Mai jabu wurin nan ya ke fara rage kuɗi. Batirin da ke ƙona kwamfuta, har ya kama katifa, shi ne na jabu, babba ne ko ƙarami.

Af, kun san dutsen da a ke fid da litiyom ɗin nan ana haƙo shi a ƙasarmu? A Libata, nan cikin Ngaski, maƙwabtan mai takardarmu. Akasarin irin dutsen nan da a ke haƙowa a Nijeriya ƙasar Sin a ke kai shi, can kuwa a ke ƙera yawancin baturan duniya. Ya fita a buhu, ya komo a kwali, mu saya da tsada. Ruwanmu ya yi wuta, dutsenmu ya yi batir. Na bar wa maza wannan su tattauna a majalisa.

Mu koma kan sayayya. Akwai abu guda da mai kanti ba zai gaya miki ba, ko da mai gaskiya ne, don bai san gidanki ba. Babbar randa ta fi daɗewa kafin ta cika. Cajar da ke hannunku za ta yi, ba sai an sake wata ba, amma in tana cika ƙaramin cikin sa'a biyu, babban zai nemi wajen uku. Saboda haka ki duba unguwarku. In wutar ta kan zauna rabin yini sa'an nan ta tafi, ko kuna da sola, ko akwai mai janareta kusa da a ke kai caji, babban batir ya biya kuɗinsa. In kuwa leƙowa kawai ta ke yi ta sa'a guda ta koma, to, babban ba zai taɓa cika ba, kin sayi randa kin ajiye ana zuba mata kwano ɗaya. A irin wannan hali, ni a ganina, gara a sayi daidai da na asali mai kyau, ragowar kuɗin a fara tarin na faifan sola, don rana dai ba a ɗauke mana ita.

Sa'an nan ba kowace kwamfuta ke da babban batir ba. Sababbin nan sirara, batirinsu a ciki ya ke, shimfiɗaɗɗe kamar ƙuli-ƙulin da aka danne, sai an kwance kusoshi a ke ganinsa. Wurin da aka yanka masa iyakarsa ke nan, ba inda ƙusumbi zai fita. Mai irin wannan ta nemi daidai lambar nata kawai. Waɗansunsu suna karɓar caji ta ƙaramar kafa irin ta wayoyin zamani, su ana iya taimaka musu da babban fawa-banki wanda aka yi domin kwamfuta, ba na waya ba.

Ranar da za a saya, uwargida, kada ki aika, kuma kada ki bar yarinyar ta tafi ita kaɗai, don ba a jin nauyin yaro a ciniki. Ku tafi da kwamfutar da tsohon batirin. A jikinsa akwai lambar iri, haruffa gauraye da lambobi, ita za a gwada da ta sabon, a kuma ga sunan kwamfutar a cikin waɗanda aka rubuta ya dace da su. Ku nemi ranar da aka ƙera shi, domin litiyom yana tsufa ko a kan kanta ya ke ba a taɓa shi ba. A sa shi a gabanku, a ga kwamfutar ta gane shi tana caji. In mai Windows ce, yarinyar ta buɗe wurin ba da umurni ta rubuta powercfg /batteryreport, zai fito da takarda mai nuna abin da aka ƙera batirin ya ɗauka da abin da ya ke ɗauka yanzu. Wannan yana da amfani, har ga tsohon ma, don a tabbata shi ne ya gaji. Amma na jabu ya kan yi wa kwamfutar ma ƙarya. Shaidar da ba ta karɓar toshi ita ce agogo. Kafin ki ba da kuɗi, ku yi magana a gaban shaida cewa za ku je gida ku cika shi, ku zare waya, ku yi aiki ku ga sa'o'in da zai yi, in bai kai ba ku komo da shi. A rubuta a rasit. Mai kaya na gari ba ya gudun wannan sharaɗi, akwai su kuwa da yawa.

In Allah Ya sa an dace, saura riƙo. Irin batirin nan a kan yi masa ƙiyasin cika da ƙarewa sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu sosai, watau shekara biyu ko uku ga mai aiki kullum. Babban abokin gabansa zafi ne, mu kuwa kun san yadda Maris da Afrilu su ke a Yauri. Kada a ɗora kwamfuta a kan katifa ko filo ana aiki, kafofin shan iskarta a ƙasa su ke. A sami faranti ko ɗan benci. Kada a bar ta a ɗakin kwano a rufe da rana tana caji, kada a kai ta kusa da murhu ko wurin banda. Kuma a daina jira sai ta mutu murus kafin a sa caji. Wannan tsohuwar al'ada ce ta waɗansu batura na da, litiyom ba ya so. In za a yi hutu a ajiye ta, a bar batirin da kamar rabin caji.

Wadda za ta sauke farali kuma ta lura, a jirgin sama ba a yarda a sa batirin da ba ya jikin na'ura cikin babban kaya ba, sai a jakar hannu, kuma wanda ya wuce 100Wh sai da izinin masu jirgin. Yawancin masu ƙwaya 9 ba su wuce nan ba.

Saura tsohon batirin. Kada a ba yara su yi mota da shi, kada a fasa don a ga abin da ke ciki. In kuka ga batir ya kumbura, ko allon taɓawa na kwamfuta ya fara tasowa, ko kuka ji wani wari mai zaƙi-zaƙi, a kashe ta nan da nan, a daina caji. A cire shi ba tare da an matsa ko an huda ba, a sa shi cikin bokitin ƙarfe da yashi, a ajiye a inuwa nesa da danni da rumbu. In har ya fara hayaƙi, a fid da yara tukuna, don hayaƙin guba ne, a zare wayar daga bango, sa'an nan a zuba yashi ko ruwa mai yawa daga nesa. Kada a jefa shi a juji, ranar da aka cinna wa jujin wuta zai yi bindiga. Kada kuma a jefa shi a kogi, inda ki ke samun kifin bandarki. Ki mayar wa mai gyaran, ki ce ya haɗa da nasa.